Minti Biyar na Mai Agogo

Yayana mutum ne da in ka ce masa za ka zo ƙarfe huɗu, ka zo huɗu da minti uku, zai tarbe ka da fara'a, ya ba ka kujera, sannan ya ɗan kalli agogon hannunsa yadda za ka gani. Ba zai ce uffan ba. Wallahi gara ya zage ka. Haka na taso na same shi, shi babba, ni auta, shekara goma sha huɗu tsakaninmu. Ni dai ina da ɗan shagona na buga takardu da fotokwafi a bakin titi, kuma ko ranar da na buɗe shagon sai da ya ce min agogon bangona yana gudu da minti biyu.

Aikinsa na albashi kula da kwamfutocin wata kwaleji ne. Ya haɗa waya, ya zaro takardar da ta maƙale a firinta, ya tuna wa malamai kalmar sirrin da suka manta. Amma in ka tambaye shi abin da yake yi a duniya, ba wannan zai faɗa maka ba. Akwai wata manhaja da ake gina shafukan intanet da ita, wadda ba ta wani kamfani ba ce. A buɗe take, duk mai iyawa ya leƙa cikinta, ya gyara, ya ƙara nasa, kyauta. Mutane ne barkatai a ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su taɓa haɗa ido ba, kowa riƙe da ɗan ɓangarensa yana kula da shi. Ɓangaren Yaya sunansa Rumbu.

Matarsa ce sila. Anti, kamar yadda nake kiranta, nas ce a wani ƙaramin asibiti. Wata rana ta dawo gida tana huci, wai ta cika fom ɗin wata mai ciki a kwamfuta tun daga suna har awon jini, tana danna a tura, sabis ya ɗauke, komai ya goge. Sau uku a rana ɗaya. Ta ce da wanda ya ƙirƙiro kwamfuta da wanda ya kawo ta asibitinsu, duk Allah ya isa. Yaya ya shige ɗaki. Bayan wata biyu ya fito da Rumbu. Abin da yake yi kaɗan ne: in kana cika fom sabis ya ɗauke, ya ajiye maka abin da ka rubuta, in sabis ya dawo ya tura. Shi ke nan. Amma ƙananan asibitoci da makarantun da ke inda sabis yake wasa da hankalin mutane, da yawansu da shi suke aiki, kuma ba su ma san akwai wani mai gilashi a ƙuryar ɗaki da yake riƙe da shi shekara goma sha biyu ba.

Sau ɗaya a shekara mutanen nan sukan yi babban taro na kwana uku. Yaya ya je sau goma sha ɗaya. Ya dawo da riga mai tambari da igiyar rataya katin suna, ya rataye igiyar a ƙusa a bayan ƙofa. Anti tana cewa da zai tara mata zannuwa yadda yake tara igiyoyin nan, da ta ji daɗi.

A ranar ƙarshe akwai awa guda ta gajerun jawabai, kowa minti biyar. Yaya ne mai kula da lokaci, shi ya sa suke ce masa Mai Agogo. Yana zama a gaba da kati uku: kore in saura minti biyu, rawaya in saura ɗaya, ja in lokaci ya cika. Da can ƙararrawa ake kaɗawa, masu surutu su yi kunnen ƙashi su ci gaba. Shi ne Yaya ya kawo tsarin tafi. Da ya ɗaga jan kati, jama'a duka su kama tafi, su yi ta yi har muryar mai magana ta nutse ya sauka. Ba a zage ka ba, ba a ƙwace makirufo ba, an dai tafa maka ka tafi. Yakan ba mu labarin yana dariya, wai har wani farfesa ya taɓa saukewa a tsakiyar jimla. Na ce masa, "Yaya, ba ka da tausayi." Ya ce, "Auta, minti biyar minti biyar ne."

Shekara biyu da suka wuce ya shigo shagona ya ce in buga masa wata takarda da manyan haruffa. Na buga. Ya ce in ƙara girma. Na ƙara. Da zai fita ya yi karo da kujerar da ke gefen ƙofa, kujerar da shi da kansa ya saya min. Na rufe shago na tsare shi, sai da ya faɗa min. Hawan jinin ido ne. Gefe-gefen ganinsa ya riga ya tafi, abin da ya rage kamar mai leƙe ta cikin bututu, shi ma yana ƙara tsukewa. Anti ta sani, likita ya sani, sai ni. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Na rantse, kuma har yau ina jin haushin bakina.

Bara bai je taro ba, ya ce musu aiki ne ya yi masa yawa. Suka ba wani abokinsa katunan, wani mai sanƙo da Yaya ya koya wa aikin. Bana kuma sai ga sanarwa daga kwamitin manhajar. Za a fitar da sabon zubi, kuma kowane ɓangare sai an sake gyara shi ya dace da sabon. Duk ɓangaren da ba a samu wanda ya sa hannu zai ɗauki aikinsa ba kafin a rufe taro, za a cire shi daga jeri. Ranar da asibitoci suka koma sabon zubi, Rumbu ya daina aiki ke nan.

Yaya ba zai iya ba. Layi ɗaya yana ɗaukarsa abin da shafi guda yake ɗaukarsa a da. Ya rubuta a shafin Rumbu cewa ana neman mai taimakawa. Wata huɗu, ko tari ba wanda ya yi. To wa zai yi? Yadda ya rubuta abin, sai ka ce mai neman abokin hira. Kowa ya san Mai Agogo yana nan, bai taɓa barin saƙo ya kwana biyu ba amsa ba. Anti ta ce masa, "Malam, ka faɗa wa mutane gaskiya. Ba wanda zai karɓi kaya a hannun wanda bai ce ya gaji ba." Bayan kwana uku ya nemi a ba shi minti biyar a taron. Shekara goma sha ɗaya yana sauke mutane daga dandamalin nan, bai taɓa hawa ba.

A shagona muka yi ta gwaji, kullum da yamma in ya taso aiki. Ni da agogo a hannu, shi tsaye tsakanin injin fotokwafi da kwalayen takarda. Minti ɗaya na bayanin Rumbu. Rabin minti na godiya, domin a wurinsu ba ka magana a kan aiki ba ka ambaci waɗanda suka sa hannu a cikinsa ba. Ya zaɓi mutum shida. Daga nan sai jimlar da aka yi tafiyar dominta: idona ya kusa tafiya, ba zan iya ci gaba ba, ina neman wanda zai karɓi Rumbu. Sauran lokacin ya bayyana yawan aikin da inda za a same shi bayan jawabi. Duka minti huɗu da daƙiƙa arba'in.

Sai dai duk sanda muka iso jimlar nan, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Nan wurin na san shi, ƙara daƙiƙa goma mu wuce." Ni kuma da shegen saurina sai in ƙara mu wuce. Sau ashirin ko fiye, ban taɓa jin ta daga bakinsa ba, kuma ban kawo komai a raina ba.

Anti tana da aiki, don haka ni na raka shi. Aka ba ni kati an rubuta baƙuwa. Dabararmu ita ce in riƙa tafiya rabin taku a gabansa, shi kuma ya riƙe igiyar jakata kamar mai taya ni ɗauka. In akwai matakala in ce, "Kai, takalmin nan," ya gane.

Wurin taron wani otal ne, babban zaure da dogon baranda. An manne wayoyi a kan kafet da baƙin salatif. Manya-manyan mutane masu furfura zaune dirshan a ƙasa, sun kewaye soket kamar kaji a kan tsaba, kowa da kwamfuta a cinya, bayanta duk situka. Shayin ya huce, biskit ya ƙare tun kafin layi ya kai rabi. Ko'ina muka bi sai ka ji, "Mai Agogo! Bara ina ka shiga?" Da murya yake gane su. Ya juya, ya kira mutum da laƙabinsa, ya tambayi 'ya'yansa. Ba wanda ya lura da komai. Na so a ce wani ya lura.

A bakin ƙofar zaure an kafe babbar takarda, jerin ɓangarori, kowanne da layi a gabansa na sa hannu. Kwana biyu ina wucewa ina leƙawa. Layuka suna ta cika, na Rumbu fari fat. Na ji wata tana ce wa abokiyarta, "Wannan ai na Mai Agogo ne, zai sa hannu a minti na ƙarshe don ya nuna mana ya san lokaci." Suka yi dariya.

Shi aka sa na ƙarshe a rana ta ƙarshe, wai don girmamawa. Na kai shi har gindin matakala, ya ƙirga uku ya hau. Zaure ya ɗauki ihu da fito. Na zauna a layin gaba, kujera biyu tsakanina da Mai Sanƙo da katunansa.

Fitilu biyu aka haska masa a fuska. Na ga ya ɗaga takardar da na buga masa, ya kawo ta kusa, ya nisanta ta, sannan ya ninke ya sa a aljihu. Ban damu ba, ya haddace. Ya yi bayanin Rumbu tsaf, har ya ba da labarin Allah ya isan Anti, aka yi dariya. Minti ɗaya daidai. Ya shiga godiya. Ya kira shidan nan, yawanci da laƙabin da suke amfani da shi a intanet: Baƙar Mage, Lamba Tara, Mai Shayi, da sauran. Ya kai na shida. Saura jimlar nan.

Sai na ji ya ce, "Akwai kuma wata malama da ta gyara mana kuskuren kwanan wata a shekara ta biyu."

Ya kira ta. Ya kira wani da ya fassara saƙonnin Rumbu zuwa harshensu. Ya kira wani da ya turo gyaran harafi ɗaya tak, ya ce harafi ɗaya ma aiki ne. Duk wanda aka kira in yana zauren sai ya ɗaga hannu, a yi masa sowa. Mutane suna jin daɗi, wallahi suna jin daɗi. Mai Sanƙo ya ɗaga kore. Yaya yana kallon saitinsa sosai, ya ci gaba. Na ce a raina, bai gani ba. Ya kira wani da ya rasu, aka yi tsit, ya faɗi gyaran da mamacin ya yi da shekarar da ya yi shi. Rawaya ta tashi.

Ni da ake ji da bakina a layinmu, ni da na taɓa biyo mai mota da gudu har mahaɗa don ya watsa min ruwan kwata, na zauna kamar an ɗinke ni da kujera. Abin da zan ce kawai shi ne, Yaya, saura minti ɗaya. Amma in na faɗa, kowa zai tambaya me ya sa Mai Agogo yake buƙatar a gaya masa lokaci. Rantsuwar nan ta riƙe min wuya. Ina ta ce wa kaina yanzu zai juyo, yanzu zai faɗa, daƙiƙa goma kawai yake buƙata.

Mai Sanƙo ya ɗaga ja, yana murmushi har kunne. Zaure ya ɗauki tafi. Ba su taɓa yin irinsa ba, in ji su, har da masu miƙewa tsaye, har da masu buga tebur. Yau ga Mai Agogo a hannunsu. Wani ya ɗaga murya daga baya, "Minti biyar minti biyar ne!" Aka fashe da dariya. Bakin Yaya ya ɗan ci gaba da motsi, ba a jin komai. Sannan ya rufe shi, ya ɗan sunkuya, ya lalubi bakin matakala da ƙafa. Na tashi na tare shi.

Na zaunar da shi a baranda kusa da takardar nan, na koma wurin Mai Sanƙo. Na ce ya taimaka ya ƙara masa minti ɗaya, bai gama ba. Ya yi dariya ya ce, "Haba ƙanwarmu, so kike ya kashe ni? Dokarsa ce. Ko shugaba bai taɓa ƙara wa daƙiƙa ba." Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na hango Yaya daga nesa ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Na haɗiye. Kafin in dawo an fara jawabin rufewa, masu jirgi da masu mota sun fara jan akwatuna.

Mutane da yawa sun tsaya sun gaishe shi. Jawabi ya yi kyau, sun ce, ya tuna da kowa. Mutum ɗaya ne ya ja kujera ya zauna, wani dogo mai jakar goyo. Ya ce asibitoci tara yake kula wa da kwamfuta, duk da Rumbu suke aiki, ba don shi ba da nas-nas sun cinye shi ɗanye. Na zaro biro daga jaka na riƙe.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, roƙo ɗaya gare ni. In za ka yi na sabon zubi, a sa ya riƙa ajiye hotuna ma. Ba gaggawa, ko nan da wata uku."

Yaya ya ce, "Na ji. Na gode da ka faɗa min."

Mutumin ya yi masa hannu biyu ya tafi. Jim kaɗan wata daga kwamiti ta zo cire takardar. Ta ga layin Rumbu, ta ce, "Mai Agogo, ba ka sa hannu ba." Ta miƙo masa biro. Ya ce bana ba zai samu dama ba. Ta tsaya tana kallonsa, tana jira ya ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ta ce, "Ayya, to Allah ya sa wani ya ɗauka wata rana," ta naɗe takardar ta sa a hammata.

A hanya ban yi masa magana ba, don in na buɗe baki kuka zan yi ko faɗa, kuma ba na son ko ɗaya a cikin motar haya.

Washegari da hantsi ya zo shago, Anti ta rako shi har ƙofa ta wuce aiki. Ya ce in buɗe shafin Rumbu, akwai sanarwar da ake sakawa a sama in ɓangare ya rasa mai shi. Ya ba ni kalmar sirrinsa, abin da ko Anti bai taɓa ba ta ba. Na buɗe. Sai abin ya ƙwace min.

Na ce, "Laifina ne, Yaya. Ina ganin katunan nan, na san ba ka gani, na yi shiru. Da na yi ihu."

Ya ce, "Auta, shekara nawa na yi ina riƙe agogon nan?"

Na ce goma sha ɗaya.

"Kina ganin sai an ɗaga min kati zan san minti uku sun cika? Na san sanda ya ɗaga kore. Na san sanda ya ɗaga rawaya. Ban gan su ba, amma na sani." Ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu. "Na zo wurin, bakina ya ƙi. Na ce bari in ƙara suna ɗaya tukuna. Da na ƙara, na ce bari in ƙara wani. Ina kiran suna ina ƙirga daƙiƙa, ina jiran tafin nan ya zo ya cece ni. Da na ji shi, daɗi na ji. Wannan ne ya hana ni cin abinci tun jiya."

Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya fi haushin, na tuna nas-nas na asibitoci taran nan da ba su san abin da ke tafe ba. Wani ya leƙo da takardu zai yi fotokwafi, na ce masa inji ya lalace.

Yaya ya mayar da gilashinsa ya ce, "Rubuta. Wannan ɓangaren ba shi da mai kula da shi, kuma ba zai shiga sabon zubi ba."

Na rubuta.

"Sauka layi. Idona ya kusa tafiya, ba zan iya ci gaba ba, ina neman wanda zai karɓi Rumbu."

Ya faɗe ta a fili, ba gyaran murya, a gabana da injin fotokwafi. Na buga. Na kama yatsansa na ɗora a kan maɓallin turawa, ya danna da kansa.

Sannan ya ce, "Nawa ta ɗauka?"

Ashe idona yana kan agogon bango tun sanda ya fara, sabo da gwajin nan ya bi jikina. Na ce, "Daƙiƙa takwas, Yaya."